Wuƙa Mai Aman Wuta: Ta Kasa A Fagen Fama, Ta Yi Daraja A Gwanjo

Duk wanda ya taɓa ganin maharbi yana ɗura bindigar harba-ka-ruga ya san matsalar da ta daɗe tana damun maƙeran Turai da Amurka. Harbi ɗaya ne, kafin ka sake zuba albarushi ka danna harsashi, abokin gaba ya iso kanka. Sai wasu suka ce a haɗa wuƙa da ƙaramar bindiga a jiki ɗaya, in wuta ta ƙi, kaifi ya karɓa.

Wadda ta fi suna ita ce ta George Elgin, wanda ya yi rajistar ƙirarsa a Amurka a 1837. Ƙaramar bindiga ce da aka dasa wa faffaɗar wuƙa a ƙarƙashin bututu. Rundunar sojan ruwan Amurka ta sayi guda 150, aikin maƙeri C.B. Allen na garin Springfield, domin ayarin binciken tekun Pasifik da Charles Wilkes ya jagoranta daga 1838 zuwa 1842. Wannan ayarin ne ya ƙona ƙauyuka ya kashe gomman mutane a tsibirin Malolo na Fiji a 1840, bayan an kashe masa hafsoshi biyu. A ganina, mai yabon kyan ƙirar bai kamata ya tsallake wannan labari ba.

A Sheffield ta Ingila kuwa, kamfanin Unwin & Rodgers ya riƙa ƙera wuƙar aljihu mai naɗewa, da siririn bututun harbi a gadon bayanta. Louis Dolne na Liège a Beljiyam ya wuce nan: tasa ta haɗa wuƙa da zobban naushi da bindiga mai juyi wadda ko bututu ba ta da shi. Daga baya aka laƙaba mata sunan Apache, saboda 'yan daban birnin Faris.

Gaskiyar magana, yawancinsu ba su yi aikin kirki ba. Nauyin wuƙa yana rinjayar hannu wajen saiti, mariƙin bindiga kuma ba ya daɗin sara. Da bindigar Samuel Colt mai harbi a jere ta bazu, buƙatarsu ta ragu ƙwarai. Rashin karɓuwar nan ne ya sa irin ta Elgin ta yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya sa masu tara kayan tarihi ke rububinta.

Inda kuɗi ya shiga, jabu ma ya shiga. Masana sukan duba tambarin maƙeri, su ga ko tsufan wuƙar ya yi daidai da na bututun, don akan ɗauko tsohuwar bindiga a liƙa mata sabon kaifi. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne magajin da zai sa yashi ya dirje ƙarfen har ya yi sheƙi, wai gyara yake yi. Tambarin ya shafe, shaidar shekarun ta tafi, farashin ma ya faɗi.