Haske a Cikin Gora: Me Ya Haɗa Kayan Singa da Zanen Kwamfuta?

Ɗan kasuwar da ya san aikinsa a Singa ba ya sayen man girki da ka. Sai ya ɗaga gora ya kalli rana ta cikinta, domin launi da garau ɗin man su ke gaya masa ko an yi algus. Sabulu, alawa, kyandir, lemon roba da madara, waɗanda ake lodinsu kullum daga wannan kasuwa da ke tsakanin Fagge da Sabon Gari, duk kaya ne da haske ke shiga jikinsu. Yanzu kuwa mai sari daga Maraɗi ko Damagaram kan yi oda ta WhatsApp, hoto ne ya maye masa gurbin ido, kuma da yawa daga cikin hotunan talla na manyan kamfanonin duniya kwamfuta ce ke zana su. Ra'ayina shi ne, lokaci ya yi da Kano za ta mallaki wannan ilimi, ta auna kayanta da kanta.

Wahalar zana irin waɗannan kaya a kwamfuta tana cikin halin haske. Idan ya faɗa kan ƙarfe, nan take yake dawowa daga inda ya sauka. Idan ya faɗa kan sabulu ko madara, sai ya nutse, ya yi ta karo da ƙananan ƙwayoyi, wani ɓangare ya shanye, saura ya ɓullo ta wani wuri. Shi ya sa idan ka rufe tocila da tafin hannu yatsunka ke yin ja: jan haske ya fi sauran launuka nisan tafiya a cikin tsoka. A shekarar 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa uku a Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da lissafi mai sauƙi na wannan yawo na haske. Sun nuna cewa idan aka yi watsi da shi, kofin madara sai ya fito kamar farin fenti. Masu finafinai suka karɓi dabarar, har aka ba uku daga cikinsu lambar yabo ta Oscar ta fannin fasaha a 2004.

Sai dai mai fim yana iya barin kwamfuta ta shafe sa'o'i a kan hoto ɗaya. Wanda ke juya gorar mai da yatsa a fuskar waya yana buƙatar hoto 30 zuwa 60 a kowace daƙiƙa, don haka dole a yi dabara. A 2007 Eugene d'Eon da David Luebke na kamfanin NVIDIA suka nuna cewa za a iya zana hasken a saman fata, a baza shi mataki-mataki, ja ya fi sauran bazuwa, sannan a haɗa. A 2009 Jorge Jimenez na Jami'ar Zaragoza a Sifaniya ya mayar da bazawar kan hoton da ke allo kaɗai, aikin ya ragu sosai. A 2011 injiniyoyin kamfanin DICE na Suwidin suka zo da hanyar lissafa kaurin abu tun da wuri, ta yadda gefen sabulu mai siriri zai yi haske, tsakiyarsa ta yi duhu.

Duk waɗannan dabaru suna cin lambobi ne: nawa abu ke shanyewa, nawa yake bazawa, a ja da kore da shuɗi. Jerin awon da masu binciken Stanford suka yi a 2001 ya ƙunshi madara, dankali, tuffa, naman kaza, dutsen marmara da fatar mutum. Babu manja, babu man gyaɗa, babu man kaɗanya. Manja kuwa abu ne mai hali biyu: da zafi yana narkewa haske ya ratsa shi, da hunturu ya daskare ya koma baza haske. Matsalar ta kai har ga fata. A 2020 Theodore Kim na Jami'ar Yale ya yi ƙorafin cewa binciken zanen fata ya karkata ga farare, alhali a baƙar fata ƙyallin sama ya fi tasiri. Kwamfuta tana zana abin da aka auna mata ne kawai.

Wani zai ce kyamarar waya ta wadatar. Ga mai shago da ke tura hoton katan, haka ne. Amma masana'antar Sharaɗa, Bompai ko Chalawa da ke son sabuwar gora tana buƙatar ganin yadda lemo zai fito a cikinta kafin ta kashe kuɗin ƙera mazubi, kuma kyamara ba ta ɗaukar abin da bai wanzu ba. Wani zai kawo tsadar na'ura da rashin wuta. Amsar tana cikin saurin zanen: manhajar Blender kyauta ce, kuma tun 2019 tana da injin Eevee mai zana irin wannan haske nan take, don haka janareta ba sai ya kwana yana ƙugi ba. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na amana, wato a ƙawata gurɓataccen mai har ya fi na gaske kyau. Wannan haɗari gaskiya ne, kuma addini ya haramta ɓoye aibin kaya ko da wace hanya. Maganinsa shi ne awo: idan an san lambobin man gyaɗa mai kyau, hoton da ya zarce su ana iya kama shi.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Masu binciken Stanford da siririn haske da kyamara suka yi awonsu. Sashen kimiyyar fiziks da na kwamfuta a Jami'ar Bayero za su iya karɓar samfur daga 'yan kasuwar Singa, su auna shi a zafi da sanyi, su saki sakamakon kyauta ga matasa masu zane. Ribar kashi uku ce: ɗalibi ya samu bincike mai amfani, masana'anta ta samu mai zane a gida, mai saye daga nesa kuma ya samu hoton da zai iya dogara da shi.