Gaskiya ko Jita-jita: Me ke Kashe Yara Masu Zazzaɓin Denge a Asibiti?

A shekarar 2023 asibitocin Bangladesh sun kwantar da mutum sama da 321,000 saboda zazzaɓin denge, mutum 1,705 kuma suka rasu, cikinsu har da yara da matasa masu yawa. A waccan shekarar dai Burkina Faso ta yi rashin kusan mutum 700, galibinsu a Wagadugu da Bobo-Dioulasso. Cutar ta ɓulla a Abeche ta ƙasar Chadi da Gadarif ta Sudan, sannan a watan Nuwamba aka gano ta a Sakkwato, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, kuma ta tabbatar da ita. Ke nan ta riga ta iso ƙofar gidanmu, alhali yawancin iyaye ba su san halinta ba. Ga wasu maganganu da ake yawan ji a kanta, da abin da likitoci suka tabbatar.

"Tunda zazzaɓin ya sauka, yaro ya tsallake."

Jita-jita ce, kuma ita ce ta fi kowace cin rayukan yara. Denge kan fara da zazzaɓi mai zafi, da ciwon kai, da ciwo a bayan idanu, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi wa mutum duka. Tsakanin kwana na 3 zuwa na 7 sai zafin jikin ya sauka. Ga mafi yawan yara sauƙi ne ya zo da gaske. Amma ga wasu, a daidai wannan lokacin ne ƙananan jijiyoyin jini ke fara yoyo. Ruwan da ke cikin jini sai ya riƙa tsiyaya zuwa cikin ciki da kewayen huhu, jinin da ya rage ya yi kauri, zuciya ta rasa isasshen abin da za ta harba zuwa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Wannan yoyon yawanci ba ya wuce awa 24 zuwa 48, amma a cikinsa ake samun yawancin mace-macen.

Abin tausayin shi ne yaron kan kasance ido biyu, yana magana, yana gane mahaifiyarsa. Masu dubiya su ce "Ya jiki?" a ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," domin an taɓa goshi an ji sanyi. Jikin yaro yana da juriyar ɓoye wannan hali har sai ya kai maƙura, sannan ya faɗi gaba ɗaya. Alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a lura da su a bayyane suke: matsanancin ciwon ciki, amai ba ƙaƙƙautawa, haɓo ko jini daga dasashi, jini a amai ko a bayan gida, numfashi sama-sama, kasala mai yawa ko rashin natsuwa, tafin hannu da na ƙafa su yi sanyi ƙalau. A ƙara da raguwar fitsari. Ko ɗaya aka gani bayan saukar zazzaɓi, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne.

"Ai duk zazzaɓi maleriya ne."

Jita-jita. A ƙasarmu an saba, da jikin yaro ya yi zafi sai a nufi kemis a karɓo maganin maleriya, in bai ji ba a ce taifot ne a sake wani. Kafin a gama wannan zagayen kwana huɗu ko biyar sun wuce, wato daidai lokacin haɗarin denge. Cutar ba baƙuwa ba ce a nan, domin tun shekarun 1960 aka gano ƙwayarta a Ibadan. Ƙarancin gwaji ne ya sa ake binne ta a ƙarƙashin sunan maleriya. Idan gwajin maleriya ya nuna babu, ko an sha magani zazzaɓi ya ƙi sauka, ya kamata a tambayi likita batun denge. Akwai gwajin jini da ke gano ta tun kwanakin farko. Yaro kuma yana iya ɗauke da cututtukan biyu a lokaci guda.

"Kowane maganin zazzaɓi zai yi."

Jita-jita. Farasitamol kaɗai aka yarda da shi, shi ma gwargwadon nauyin yaron, domin in ya yi yawa yana lahanta hanta. Asfirin da ibuprofen da diklofenak da danginsu suna ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Haka allurar da ake yi a tsoka ba tare da dalili ba.

"Zubar jini ke kashewa, don haka ƙarin jini ne mafita."

Akwai gaskiya kaɗan, amma yawancinta jita-jita ce. A Indiya da Bangladesh iyaye kan ruɗe da zarar sun ji ƙwayoyin da ke daskarar da jini sun ragu, su shiga neman mai ba da jini ido rufe, wasu su koma ga ruwan ganyen gwanda. Raguwar waɗannan ƙwayoyi abu ne da aka saba gani a denge, kuma sukan dawo da kansu idan jiki ya fara farfaɗowa. Ƙara wa yaron da ba ya zubar da jini waɗannan ƙwayoyi ba ya hana komai, yana ma iya jawo matsala. A yara, yoyon ruwan jini ne kan gaba wajen kisa, zubar jini mai tsanani kuma sau da yawa yakan biyo baya ne idan an daɗe ba a tare yoyon ba. A nan ne ƙarin jini yake zama dole. Ganyen gwanda kuwa ba ya toshe yoyon jijiya.

"A yi ta ƙara masa ruwa, yawansa shi ne lafiya."

Jita-jita. Ƙarin ruwa shi ne ginshiƙin jinyar denge mai tsanani, amma da awo ake yin sa. In ya yi kaɗan, gaɓoɓin ciki su gaza. In ya yi yawa, ko aka ci gaba da shi bayan yoyon ya tsaya, ruwan ya taru a huhu yaro ya kasa numfashi. Shi ya sa ake auna kaurin jini a kai a kai, ana duba bugun zuciya da yawan fitsari, ana ragewa ana ƙarawa. Wannan darasi a asibitin yara na Bangkok ta ƙasar Tailan aka fi koyon sa, inda likitoci irin su Dokta Suchitra Nimmannitya suka shafe shekaru suna nazarin yadda cutar ke tafiya kwana bayan kwana. A annobar Bangkok ta 1958 sama da kashi 10 cikin ɗari na waɗanda suka kamu da nau'in mai tsanani sun rasu. Daga baya Tailan ta sauko da adadin ƙasa da kashi 1. Don haka mai jinya kada ya matsa wa nas ta saki ledar ruwa da gudu, kada kuma a kira wani ya ɗaura wa yaro ruwa a gida.

"Wanda ya taɓa yi ba zai sake ba."

Jita-jita. Ƙwayar denge iri huɗu ce. Wanda ya warke daga ɗaya ya samu kariya mai ɗorewa daga wannan irin kaɗai, kuma idan wani irin ya kama shi daga baya, haɗarin tsananta ya fi na farko. Kyuba ta ga haka. A 1977 iri na ɗaya ya ratsa ƙasar ba tare da ɓarna mai yawa ba. A 1981 iri na biyu ya shigo, mutum 158 suka rasu, 101 daga cikinsu yara ne. Jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya kuwa suna iya tsananta tun a kamuwar farko, musamman idan uwar ta taɓa yin cutar.

"Muna kwana a gidan sauro, mun tsira."

Rabin gaskiya. Gidan sauro na kare yaro daga sauron maleriya mai cizon dare. Sauron denge, baƙi mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da yamma kafin magariba. Ruwan da aka ajiye yake so ya yi ƙwai a ciki: randa, tulu, durom, tsohuwar taya, gwangwanin da ruwan sama ya taru a ciki. A rufe mazuban ruwa, a wanke su duk mako, a kife abin da ba a amfani da shi. Jaririn da ke barcin rana a sa shi cikin gidan sauro, haka ma mara lafiyar, don kada sauro ya ɗauka daga jikinsa ya kai wa 'yan'uwansa.

"Ba ta da magani, me za a je yi asibiti?"

Gaskiya ne babu maganin da ke kashe ƙwayar. Amma denge mai tsanani in aka bar ta tana iya kashe mutum ɗaya cikin biyar, in kuwa aka gano ta da wuri aka kula yadda ya kamata, ba ta kai ɗaya cikin ɗari. Yawancin yaran da ke rasuwa a gadon asibiti an kawo su ne bayan jiki ya riga ya yi sanyi, ko an yi ta yawo da su daga wannan wuri zuwa wancan. Wannan nauyi ne a kan hukumomi ma: kayan gwaji su isa ƙananan asibitoci, a horar da ma'aikata, a tanadi motar kai mara lafiya.

Nauyin iyaye kuwa yana farawa daga ƙidaya. Ranar da zazzaɓi ya fara, a riƙe ta. A yi ta ba yaro ruwa, da ruwan gishiri da sukari, da nono idan mai shan mama ne. Daga kwana na uku a ƙara sa ido, a riƙa taɓa tafin ƙafarsa, a lura ko ya yi fitsari. Idan zafin jiki ya sauka yaro ya nemi abinci ya tashi wasa, a gode wa Allah. Idan ya sauka amma yaro ya lafe yana riƙe ciki, a saɓa shi a tafi, kada a jira gari ya waye.