Ƙwallon lambu: Yadda ake ba fili babbar gasa, da yadda ake ƙwace ta

A watan Nuwamban 2024 Nijar ta karɓi baƙuncin Sudan a wasan neman gurbin gasar cin kofin Afirka, ta kuma ci 4-0. Sai dai "gidan" Nijar a wannan rana birnin Lome ne na ƙasar Togo, domin hukumar CAF ba ta amince da filin Seyni Kountche na Yamai ba. Wata guda kafin nan Sudan ta doke Ghana da ci 2-0 a nata "gidan", wato Bengazi ta ƙasar Libiya, saboda yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. Hilal da Merrikh kuwa, manyan ƙungiyoyin Omdurman, sai da suka je Muritaniya suka shiga gasar ƙasar a kakar 2024-2025. Saboda haka mu nan Gadarif, da 'yan uwanmu na Maradi da Damagaram, ba baƙi ba ne ga tambayar ina za a buga wasa, kuma wa ke da ikon cewa ba a nan ba.

Babu wasan da wannan tambaya ta fi nauyi a cikinsa kamar golf, wanda ake kira ƙwallon lambu. Filin ƙwallon ƙafa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Na golf kuwa ramuka 18 ne a warwatse cikin makeken fili, kowane da tudunsa da kududdufinsa da ramukan yashinsa da iskar da ke kaɗawa a kansa. A babbar gasa ana zagaye filin sau huɗu cikin kwana huɗu, wanda ya gama da mafi ƙarancin bugu shi ne zakara. Ke nan wanda ya zaɓi fili ya riga ya zaɓi irin ɗan wasan da zai ji daɗi da wanda zai sha wuya.

Manyan gasannin maza huɗu ne, kowace da mai ita. Masters ba ta ƙaura: tun 1934 a Augusta ta jihar Jojiya a Amurka ake yin ta, domin kulob ɗin ne ya ƙirƙiro ta. US Open ta hukumar USGA ce, PGA Championship ta ƙungiyar ƙwararrun golf ta Amurka, The Open kuma, wadda ta girme su duka tun da a 1860 aka fara ta, tana hannun hukumar R&A da ke St Andrews a Sikotlan. Waɗannan ukun su ke yawo. Ba a jefa ƙuri'ar ƙasashe kamar a FIFA. Hukumar ce ke zaunawa da kulob mai fili su ƙulla yarjejeniya, sau da yawa shekaru goma ko fiye kafin ranar wasa. USGA ta riga ta ba filin Oakland Hills gasar 2051, lokacin da wasu daga cikin waɗanda za su buga ta ba a ma haife su ba.

Kyan fili shi kaɗai ba ya isa. The Open ba ta zuwa sai filin bakin teku mai yashi da iska, amma daga nan sai lissafin jama'a ya shigo: hanyar mota, jirgin ƙasa, masauki, wurin kafa rumfuna da kyamarori. Prestwick, inda aka haifi gasar, rabonsa da ita tun 1925, shekarar da 'yan kallo suka cika filin har suka takura wa 'yan wasa. Royal Portrush da ke Ailan ta Arewa ya yi jira daga 1951 zuwa 2019, kuma sai da ya sadaukar da ramukansa biyu na ƙarshe domin a kafa rumfuna, ya gina sababbi biyu a wani gefe. A 2022 mutum kusan 290,000 suka je St Andrews. Kuɗin da wannan mako guda ke kawowa shi ke ɗaukar yawancin ayyukan hukumar, don haka ƙaramin fili, komai tarihinsa, yana cikin haɗari.

Amma inda labarin ya fi shafar mai karatu, musamman wanda ya tashi a matsayin ɗan tsiraru a ƙasar da aka haife shi, shi ne lokutan da aka ɗauke gasa saboda tambayar wa aka yarda ya shigo ƙofa.

Daga 1934 zuwa 1961 kundin ƙungiyar PGA ta Amurka ya tanadi cewa farar fata kaɗai ke iya zama mamba. An tsara yin gasar 1962 a filin Brentwood da ke Los Anjelis. Babban lauyan jihar Kalifoniya, Stanley Mosk, wanda ya tsaya wa baƙar fatar ɗan wasa Charlie Sifford, ya ce ba za a yi gasar masu wariya a jiharsa ba. Maimakon ta gyara kundinta, PGA ta kwashe kayanta ta kai gasar filin Aronimink kusa da Filadelfiya. Mosk ya tuntuɓi takwarorinsa na wasu jihohi, wurin gudu ya ƙare, a watan Nuwamban 1961 aka soke wannan sharaɗi. Gasar dai ta zauna a Aronimink, kuma wanda ya lashe ta Gary Player ne, farar fata daga Afirka ta Kudu ta zamanin wariya. Shekara biyar kafin nan, a Khartum, an yi gasar cin kofin Afirka ta farko a 1957 da ƙasashe uku kacal, Masar da Sudan da Habasha, domin an fitar da Afirka ta Kudu da ta ƙi kawo tawagar da ta haɗa baƙi da farare.

Soke sharaɗin ya buɗe wa baƙar fata damar buga wasa, bai buɗe masu ƙofar kulob-kulob ɗin da ake wasan a cikinsu ba. Wannan sai 1990. Ana shirin gasar PGA a Shoal Creek da ke Birmingham ta jihar Alabama, wanda ya kafa kulob ɗin, Hall Thompson, ya shaida wa wata jarida cewa ba wanda zai tilasta masu karɓar baƙar fata. Ƙungiyoyin kare haƙƙi suka yi shirin zanga-zanga, kamfanoni irin su IBM suka janye tallarsu daga talabijin. Nan take aka samu mafita: kulob ɗin ya ba wani ɗan kasuwa baƙar fata, Louis Willie, kujerar mamba ta girmamawa, aka yi gasar. A ganina janye tallar ce ta yi aikin, ba tausayi ba. Duk da haka abin da ya biyo baya ya ɗore, domin hukumomin golf na Amurka sun kafa doka cewa kulob mai wariya wajen karɓar mambobi ba zai sake samun gasarsu ba. A shekarar ce Augusta ya karɓi baƙar fata na farko. Shi kuwa Aronimink, wanda aka fake a cikinsa a 1962, bai cika sharaɗin ba, sai ya haƙura da gasar 1993 aka mayar da ita Inverness a jihar Ohayo. Bayan ya gyara, an ba shi ta 2026.

A Sikotlan batun mata ne. A watan Mayun 2016 mambobin Muirfield suka kaɗa ƙuri'a kan karɓar mata. Kashi 64 cikin ɗari suka amince, amma ana buƙatar kashi biyu cikin uku. A ranar R&A ta cire filin daga jerin masu karɓar The Open. Ba a cika shekara ba aka sake ƙuri'a a watan Maris na 2017, kashi 80 suka ce e, aka mayar da shi. A 2022 filin ya karɓi babbar gasar mata, Ashleigh Buhai ta Afirka ta Kudu ta ɗauki kofin.

Na baya-bayan nan siyasa ce tsagwaronta. Tun 2014 aka ba filin Donald Trump da ke Bedminster gasar PGA ta 2022. Kwana huɗu bayan magoya bayansa sun kutsa majalisar dokokin Amurka a ranar 6 ga Janairun 2021, ƙungiyar ta soke yarjejeniyar tana cewa zuwa can zai ɓata mata suna, aka kai gasar Southern Hills a Tulsa. R&A ma ta ce ba za ta koma Turnberry, filinsa na Sikotlan, ba muddin hankalin jama'a zai karkata ga mai filin maimakon wasan. Daga baya harshen ya sauya, aka koma maganar ƙarancin hanyoyi da masauki. Rabon Turnberry da The Open tun 2009.

Ko ɗaya daga cikin gasannin huɗu ba a taɓa yi a Afirka ba, kuma tsarinsu bai bar ƙofar hakan ba: uku na Amurka ne, ɗaya ta Birtaniya. Abin da muka samu shi ne irin Nigerian Open da aka daɗe ana yi a kulob ɗin Ikoyi na Legas, inda Vijay Singh ɗan ƙasar Fiji ya yi nasara a 1988 da 1989 kafin ya je ya lashe manyan gasanni uku. A filaye da dama na yankinmu, inda ruwa ya fi ciyawa tsada, yashi ake cakuɗawa da mai a daddaɓe a bakin rami, a share shi bayan kowane bugu.