Ko sabon katin hoto na ƙara wa manhajar tuƙin jirgin sama gudu?

Masu sha'awar tuƙa jirgin sama ta kwamfuta kan kashe kuɗi masu yawa wajen sayen sabon katin hoto, da fatan hoton da ke kan allo zai daina tsinkewa. To amma sau da yawa sukan tarar babu abin da ya sauya, ko kuma sauyin bai taka kara ya karya ba.

Wannan lamari ya daɗe yana ɗaure wa mutane kai, domin kuwa a galibin wasannin kwamfuta, kati mai ƙarfi shi ne maganin jan ƙafa. Manhajojin da ke kwaikwayon tuƙin jirgin sama, irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane da Prepar3D, sun sha bamban da sauran.

Kuma kuɗin da ake magana ba kaɗan ba ne. Lokacin da kamfanin Nvidia na Amurka ya fitar da katinsa RTX 4090 a watan Oktoba na 2022, ya sa masa farashin dala 1,599. Wanda ya gaje shi, wato RTX 5090, ya fito a watan Janairu na 2025 a kan dala 1,999. Ba kuma 'yan wasa kaɗai abin ya shafa ba, har da ɗaliban tuƙin jirgi da ke maimaita darasinsu a gida.

Yadda ake haɗa hoto guda

Abin da mutum ke gani a matsayin motsi a kan allo, jerin hotuna ne tsayayyu da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya cikin sauri. Fina-finan sinima na nuna hoto 24 a kowace daƙiƙa. Masu tuƙin jirgi ta kwamfuta kan nemi aƙalla 30, wasu kuma ba sa gamsuwa sai sun ga 60.

Idan ana son hoto 30 a daƙiƙa, to kwamfuta na da kimanin milisakan 33 ne kawai ta kammala kowane hoto. Milisakan shi ne kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan kuwa 60 ake so, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da milisakan 17.

Abubuwa biyu ne ke raba wannan aiki a tsakaninsu. Na farko shi ne furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, wanda ke lissafa inda jirgi yake, da abin da ke kewaye da shi, da abin da ya kamata ido ya gani. Daga nan sai ya miƙa wa katin hoto, wanda aikinsa shi ne ya zana, ya sa launi da haske da inuwa.

Lamarin ya yi kama da shagon tela mai ma'aikata biyu, ɗaya na yanka yadi, ɗaya na ɗinki. Idan mai yanka riga 40 kawai yake iya yankawa a wuni, ko da an saya wa mai ɗinki keken da ya fi kowane sauri a kasuwa, riga 40 ɗin dai za a fitar. Abin da zai ƙaru shi ne lokacin da mai ɗinkin zai yi yana zaman jira.

A ce, alal misali, furosesa na ɗaukar milisakan 25 kafin ya shirya hoto guda, katin kuma na zana shi cikin milisakan 15. Wannan kwamfuta za ta ba da hoto 40 a daƙiƙa. Idan aka sa mata sabon katin da ke gama nasa aikin cikin milisakan 8, hoto 40 ɗin za ta ci gaba da bayarwa, domin furosesan bai motsa daga inda yake ba.

Idan kuwa akasin haka ne, furosesa na gamawa cikin milisakan 20 amma katin na ɗaukar 33, to sabon kati zai iya ɗaga adadin daga 30 zuwa 50. A nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu, sai dai kuma ba za ta wuce 50 ɗin ba, komai tsadar katin.

Dalilin da ya sa furosesa ke shan wahala

A yawancin wasanni, ɗan wasa na cikin wani ƙaramin fili ne, gini ko unguwa ko filin ƙwallo. Shi kuwa matuƙin da ke tafiya a nisan ƙafa 35,000 daga ƙasa, idan sararin sama ya washe, yana iya hango abin da ke nesa da shi da fiye da kilomita 300. Dole manhajar ta riƙa ɗauko duwatsu da koguna da garuruwa tana ajiye waɗanda aka wuce, ba tsayawa.

Baya ga haka akwai lissafin tashin jirgin kansa: yadda iska ke bugun fukafukai, da ƙarfin injuna, da nauyin mai da ke raguwa, da yanayin iska da guguwa. Jiragen da wasu kamfanoni ke ginawa daban suna sayarwa, kamar Boeing 737 na kamfanin PMDG ko Airbus A320 na kamfanin Fenix, suna kwaikwayon tsarin lantarki da na mai da kwamfutocin jirgin dalla-dalla. Duk wannan a wuyan furosesa yake. Haka nan sauran jiragen da ke tashi da sauka, da motocin da ke kai-komo a filin jirgi.

Za a iya cewa ai furosesan zamani na da ɓangarori masu aiki har takwas ko goma sha shida, me zai hana a raba musu aikin? Ana rabawa, amma ba duka ke rabuwa ba. Akwai lissafin da sai an gama na farko sannan a iya fara na biyu, kuma irin wannan kan taru ne a kan babban layin aiki guda ɗaya. Saboda haka mutum na iya duba kwamfutarsa ya ga furosesa bai ko kai rabin ƙarfinsa ba, ya ɗauka ba shi ne matsalar ba, alhali kuwa ɓangare guda ya cika maƙil, sauran na hutawa. Wannan ruɗu ya sa mutane da dama sayen katin da ba su da buƙatarsa.

Babban abin takaicin shi ne lokacin da nauyin ya fi yawa. A can sama, inda babu komai sai gajimare, hoton kan tafi sumul. Da zarar an sauko ana tunkarar babban filin jirgi kamar Heathrow na Landan, ga dubban gine-gine ga jirage jere, sai ya fara tsinkewa, daidai lokacin da matuƙi ya fi buƙatar ganin titin sauka yana matsowa ba tare da tangarɗa ba. A manhajar X-Plane ma, idan adadin ya faɗi ƙasa da hoto 20 a daƙiƙa, lokacin cikin manhajar ne baki ɗaya ke rage gudu, ta yadda jirgin zai riƙa tafiya a hankali fiye da yadda agogon gaske ya nuna.

Matsalar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Microsoft ya fara sayar da Flight Simulator tun 1982, kuma samfurin da ya fitar a 2006, wato Flight Simulator X, ya yi ƙaurin suna wajen dogaro da saurin furosesa. An gina shi ne a zamanin da ake sa ran saurin furosesa mai ɓangare guda zai yi ta ƙaruwa, sai masana'antun suka juya zuwa ƙara yawan ɓangarori. Shekaru da dama bayan haka, masu shi sun riƙa sauya kati bayan kati, manhajar na nan yadda take.

Samfurin da kamfanin Asobo na birnin Bordo a Faransa ya gina wa Microsoft, wanda ya fito ranar 18 ga Agusta, 2020, ya fi amfani da katin hoto nesa ba kusa ba, amma shi ma bai tsira ba. Shi ya sa lokacin da kamfanin AMD ya fitar da furosesan Ryzen 7 5800X3D a watan Afrilu na 2022, mai ɗauke da ma'ajiyar gaggawa ta megabait 96 a jikinsa, masu tuƙin jirgi suka yi rububinsa. A wannan manhaja ya ba da ƙarin gudun da katin hoto ya kasa bayarwa a kwamfutoci da yawa. An ƙara kyautata rabon aiki a samfurin da ya fito ranar 19 ga Nuwamba, 2024, kamar yadda X-Plane ya sauya hanyar da yake magana da katin hoto a 2020, amma a manyan filayen jirgi har yanzu furosesa ne kan fara gajiya.

Inda katin ke da ta cewa

Wannan ba ya nufin katin hoto ba shi da amfani. Nauyinsa na ƙaruwa ne da yawan ɗigogin da ke kan allo. Allo na gama-gari mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye na da ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Allon da ake kira 4K na da fiye da miliyan takwas, wato ninki huɗu. Shi furosesa bai damu da wannan bambanci ba, aikinsa kusan ɗaya ne, amma katin sai ya yi wa kowane ɗigo launi. Wanda ya koma babban allo, ko ya jera allo uku don ya riƙa ganin gefe da gefe kamar a cikin jirgi, to lallai kati yake buƙata.

Haka abin yake ga mai amfani da tabarau na musamman da ake ɗaurawa a fuska, wanda ke sa mutum ya ji kamar yana zaune a kujerar matuƙi. A nan hoto biyu ake zanawa a lokaci guda, ɗaya na kowane ido, kuma idan ya yi jinkiri yakan jawo jiri da tashin zuciya. Gajimare masu kauri, da inuwa, da ƙyallin ruwa, su ma aikin kati ne.

Sai kuma ma'ajiyar da ke jikin katin. Kati mai gigabait 8 na iya cika idan aka haɗa babban allo da filin jirgi mai ado da yawa. Idan ya cika, sai ya fara aro daga ma'ajiyar kwamfutar, wadda hanyar zuwa gare ta ta fi nisa, hoton ya riƙa tsayawa cak yana ci gaba. Irin wannan ciwo, kati mai babbar ma'ajiya ne kaɗai ke warkar da shi, ko kuma a rage adon.

Gwajin da ba ya cin ko kwabo

Akwai hanya mai sauƙi ta gane mai laifi kafin a buɗe lalita. A ajiye jirgi a filin da ya fi wahalar da kwamfutar, a duba adadin hoton da take bayarwa, sannan a rage yawan ɗigogin allon sosai, a sake dubawa. Idan adadin ya yi tsalle sama, katin ne ke riƙe aikin. Idan ya tsaya inda yake, furosesa ne, kuma sabon kati ba zai fitar da kitse daga wuta ba.

Microsoft Flight Simulator ma ya hutar da mutane. A sashen da aka tanada don masu gina manhaja akwai wani ɗan allo da ke faɗin mai jan ƙafar kai tsaye. Idan ya rubuta "Limited by GPU", katin ne. Idan ya rubuta "Limited by MainThread", babban layin aikin furosesa ne. A wannan hali, rage nisan da manhajar ke zana ƙasa da gine-gine dalla-dalla, da rage yawan sauran jirage, ya fi sayen komai tasiri.

To sai dai tun 2022 an sami wani abin da ya ɗan dagula wannan lissafi. Katunan Nvidia daga jerin RTX 40 zuwa sama na da wata dabara da ake kira DLSS 3, inda katin ke ƙirƙiro hoto na tsakiya da kansa, ya cusa shi tsakanin hotuna biyu na gaske, ba tare da jiran furosesa ba. Kwamfutar da ke ba da 40 na iya nuna kusan ninkin haka, kuma ido na ganin bambancin. Kamfanin AMD ma na da irin tasa dabarar. Amma hoton da aka cusa ba sabon lissafi ba ne. Jirgin ba ya amsa hannun matuƙi da sauri fiye da da, kuma idan furosesa ya yi tuntuɓe, tsinkewar na nan tana bayyana.

Wuta da intanet

Katin RTX 4090 shi kaɗai na iya jan wutar da ta kai wat 450, RTX 5090 kuma 575. Sau da yawa wanda ya sayi irinsu sai ya sauya akwatin da ke raba wa kwamfutar wuta, wani lokaci har da gidan kwamfutar, saboda girman katin da zafin da yake fitarwa. Ga wanda ke dogaro da janareta ko batirin sola, wannan wani kashe kuɗi ne na daban da ba a rubuta shi a jikin kwalin. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, a galibinsu katin a manne yake da uwar allon na'urar, ba ya ciruwa.

Akwai kuma abin da kati da furosesa duk ba su da iko a kai. Sababbin samfuran Microsoft na ɗauko hotunan doron ƙasa ne daga rumbunan kamfanin ta intanet yayin da jirgi ke tafiya, kuma na 2024 ya fi na baya dogaro da hakan. Kamfanin ya ce mafi ƙarancin saurin da yake buƙata shi ne megabit 10 a daƙiƙa, wanda ya fi dacewa kuma 100. A ranar da aka ƙaddamar da shi, rumbunan sun kasa ɗaukar yawan jama'ar da suka shigo a lokaci guda, masu kwamfutoci mafi tsada suka yi sa'o'i suna kallon allon jira tare da kowa, har kamfanin ya nemi afuwa. Inda layin intanet ke da rauni, ƙasa kan fito dishi-dishi, gine-gine su riƙa ɓullowa a makare, ko da wane irin kati ne a cikin kwamfutar.