Kuɗin Kosiyo: Ajiyar Da Ke Wuyar Dawowa

A Yamai, Maraɗi ko Damagaram, duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya ya san kuɗin wata guda ba su isa a miƙa masa makulli. Sai ya biya abansi, ya aje kosiyo, sannan ya sallami dillali. Ɗakin jika 30 a wata, in an nemi abansin wata 3 da kosiyon wata 2, jika 150 ke nan tun mutum bai shimfiɗa tabarma ba.

Da yawa ba su bambanta biyun. Abansi kuɗin haya ne da aka biya tun gaba, zama ke cinye shi. Kosiyo kuwa ajiya ce a hannun mai gida. In ɗan haya ya karya ƙofa, ya fasa famfo, ko ya bar bashin wuta da ruwa, sai a cire a ciki, a mayar masa da saura.

Rigimar tana tashi ne ranar fita. Mai gida ya nuna tsagar bango, ɗan haya ya rantse haka ya tarar da ita, babu takarda, babu shaida. Wani har fentin da shekaru suka kashe sai ya lissafa, alhali tsufan gini ba ɓarna ba ne. Su ma masu gidajen suna da kukansu, domin akwai ɗan hayar da ke kwashe kaya da dare, ya bar masai a toshe.

Wasu ƙasashen yankinmu sun sa doka. A shekarar 2018 Kwaddibuwa ta taƙaita abansi ga wata 2, kosiyo ma wata 2, kuma a mayar da shi cikin wata guda bayan karɓar makulli. Sanagal ma a 2023 ta tsayar da kosiyo a wata 2 ga hayar da ba ta wuce jika 500 ba.

To amma doka ba ta ganin tsagar bango. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar shiga, a zaga ɗakin tare gaban shaidu biyu, a rubuta duk aibin da aka gani, a ɗauki hoto, a rubuta lambar kwantar wuta da ta ruwa, a karɓi rasiɗi mai sa hannu. Mai gida kuma ya tuna amana ce aka ba shi, ba jarin kasuwa ba.