Yadda Masu Juya Faifai Ke Tsawaita Kiɗa Da Daidaita Gudunsa A Kwamfuta

A ranar 11 ga watan Agusta na shekarar 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, ya sa kiɗa a wani ɗan biki a gida mai lamba 1520, titin Sedgwick, a unguwar Bronx ta birnin New York. Wannan saurayi ya lura cewa 'yan rawa sun fi zabura a daidai wurin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna su kaɗai, amma kuma wurin ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Dabarar da ya shahara da ita kuwa ita ce ɗora faifai biyu iri ɗaya a kan na'urori biyu: da gangunan sun ƙare a na farko sai ya saki na biyu, ya mayar da allurar na farkon baya.

To, wannan aiki da ake yi da gumi a wancan zamani, yau maɓalli ɗaya ke yin sa a manhajojin kwamfuta irin su Traktor ta ƙasar Jamus, da Serato ta New Zealand, da VirtualDJ, da rekordbox. Da zarar an loda waƙa, manhajar za ta ƙidaya bugun da ke cikin kowane minti, ta kuma ja layuka a kan hoton sautin, kowane layi a kan bugu ɗaya. Idan mai juya faifai ya danna maɓallin maimaici, sai kiɗan ya riƙa zagaya bugu 4, ko 8, ko 16, ba tare da an ji inda aka haɗa ba. Alal misali, a waƙa mai bugu 120 a minti, maimaicin bugu 4 daƙiƙa biyu ne cif.

Amfaninsa a fili yake ga duk wanda ya taɓa halartar biki. Waƙa ta kusa ƙarewa, masu liƙi kuwa ba su gama ba. Sai a kama bugu 8 na ƙarshe a riƙe filin da su, har a shigo da waƙa ta gaba a hankali. Gwanaye kan riƙa raba maimaicin biyu, daga 4 zuwa 2, zuwa 1, zuwa rabi, har jama'a su ƙagu, sa'an nan a sake shi gaba ɗaya.

Sai batun gudu. Ba a haɗa waƙoƙi biyu su tafi tare sai bugunsu ya zo ɗaya. Na'urar Technics SL-1200 MK2 ta shekarar 1979 tana da wani ɗan madanni da ake turawa sama ko ƙasa, ya ƙara ko ya rage gudun faifai har kashi 8 cikin ɗari, kuma manhajojin sun kwaikwayi wannan. Amma fa a faifai, in gudu ya ƙaru murya ma takan sirance. Ƙarin kashi 6 cikin ɗari ya isa ya ɗaga ta da kusan rabin mataki. Manhaja tana da makullin murya da ke hana haka, ko da yake in aka matsa masa da yawa sautin yakan yi ɓaragada. Akwai kuma maɓallin Sync da ke daidaita waƙoƙin biyu nan take, wanda tsofaffin hannu da yawa ke yi wa kallon kayan malalata.

Inda gizo ke saƙa shi ne, duk lissafin nan ya dogara ga layukan da kwamfuta ta ja. Kiɗan da inji ya buga ba ya sauya gudu, don haka layukan kan zauna daidai daga farko har ƙarshe. Hannun mutum kuwa ba haka yake ba. A zamaninsu, makaɗan kalangu da ke bayan Alhaji Mamman Shata, ko Tony Allen a bayan Fela Kuti, sukan ɗan ƙara wuta ko su sassauta yadda waƙa ta hau, kuma daɗin ma ke nan. A irin waɗannan faya-fayai, layin da ya dace a minti na farko yana iya kaucewa a minti na uku. Wanda ya danna maimaici ido rufe sai ya yanke bugu a tsakiya, ƙafar 'yan rawa ta harɗe, fili ya watse, mai biki kuma ba zai sake kiransa ba.

Saboda haka masu sanin aiki tun a gida suke zama da irin wannan waƙa. Sukan gyara layukan da hannu, su sa alamar mafarin maimaici da ƙarshensa da kunnensu, su adana. A wurin biki kuma, kafin su saki waƙa ga jama'a, sai sun saurare ta a abin sawa a kunne, yatsa na kan madannin gudu.