Damin da Ba a Taɓawa

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ta wajen Bakori da Kafur, idan kaka ta yi aka shiga yankan dawa, akwai aikin da maigida ba ya bar wa 'yan ƙodago. Da kansa yake bin kunya yana duba zangarniya: wadda ta cika, ba burtuntuna a jikinta, karanta bai kwanta ba. Ita yake warewa, ita ce iri. A ɗaure ta daban, kaura gefe, farafara gefe, a sa a rumbu ko a rataye inda hayaƙin murhu ke kaiwa saboda ƙwari. Wake kuwa mata ke cuɗa shi da toka su toshe a tulu. Duk yadda bazara ta matsa, ba a taɓa damin iri.

Kuma ba a cika ciniki a kan iri ba. Maƙwabci ya ga dawarka ta yi kyau, ya aiko yaro da ƙwarya, ka zuba masa. Wata shekara ruwa ya ɗauke bayan shuka, taka ta ƙone, gidansa za ka nufa.

Amfanin gona ma yana da masu haƙƙi tun kafin ya iso gida. Dami ɗaya cikin goma zakka ce. Abin da ya zube a gona na masu kala ne, tsofaffi da yara, ba mai korarsu. Bafulatani ya kwantar da shanunsa a gonarka da rani, su ci kara su bar maka taki. Wanda ciwo ya kwantar a tsakiyar noma, samari su yi masa gayya, ladansu fura da tuwo. A gidajen gandu kuwa, ciki har da na Maguzawan ƙasar Malumfashi da suka yi suna wajen noma, akan rufe babban rumbu sai damina ta faɗi, lokacin da aiki ya fi nauyi kuma hatsi ya fi tsada. Wannan dabarar ita ta fi burge ni, don ita ke hana gida zuwa awo a watan da tiya ke gagarar talaka.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya. Ya kawo takin zamani da hanyoyin karkara da ingantaccen irin masara, kuma masarar ta karɓu. Duk wanda ya ga manyan motoci na lodi a kasuwar Dandume ya san an samu arziki. Sai dai masara ba ta yi sai da taki, irin da aka yi wa aure kuma ba ya maimaituwa da kyau, dole kowace shekara a koma shago. Ƙaramin manomi ya ci bashin falle da damina, ya biya da buhu da kaka lokacin da farashi ke ƙasa, ya dawo yana sayen abin da ya noma da tsada. Yanzu ga 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Dandume. Wanda ke tsoron a ƙone masa rumbu, gara ya sayar tun da wuri.

A 2007 manoma da makiyaya daga ƙasashe fiye da 80 suka taru a Mali suna neman kowace al'umma ta riƙe irinta da ikon abincinta. Abin da suke nema, wani ɓangarensa yana nan a waɗannan ƙauyuka bai ɓace ba. Ka bi gonakin Kafur da kaka, za ka ga bayan masara an bar wa kaura 'yan kunyoyi, wake na yaɗo a ƙarƙashinta, dattijo na tafe da wuƙa yana ɗaga zangarniya ɗaya bayan ɗaya.